Fuskoki Goma Sha Biyu: Nasiha ga Matasan Dogo

Ƙannena na Dogo da ƙauyukan kewaye, maza da mata, da ku nake magana. Yawancinku kuna riƙe da waya mai kyamara, kuma hotunan da kuke ɗauka a ranar sallah kaɗai ba su ƙirguwa. To, ina hotunan sallar shekara biyar da ta wuce? Wata wayar ta faɗa ruwa, wata an zare ta daga aljihu ranar kasuwa, wani kuma da hannunsa ya goge don ya sami wurin zuba sababbin waƙoƙi. Sai ranar da kaka ta rasu a shiga cigiyar hotonta gida gida, a ƙarshe a samo wani dishi-dishi da aka ɗauke ta a gefe, tana bayan amarya, rabin fuskarta a waje. Wannan abu yana damuna ƙwarai, shi ya sa nake so in ja hankalinku zuwa ga wata hanya da za ku ga kamar koma-baya ce: ɗaukar fuskar mutum da tsohuwar kyamarar roba, a kan fim baƙi da fari, sannan ku wanke shi da hannunku. Ban ce ku jefar da waya ba. Cewa nake ku koyi aikin da waya ba za ta koya muku ba.

Ku dubi tarihinmu. Sarki Tanimun ɗan Sulaiman ya yi mulkin Damagaram wajen shekara talatin har zuwa rasuwarsa a 1884. Mun san ganuwar da ya kewaye Birni da ita, mun san igwoyin da aka ƙera a zamaninsa, mun san ayarin fatake da suka haɗa garinsa da Kano da Tarabulus, amma fuskarsa ba mu san ta ba. Da kyamara ta shigo ƙasar, a hannun baƙi ta shigo. Tawagar Foureau da Lamy ta iso Damagaram a ƙarshen 1899, shekarar da Faransawa suka ci garin, kuma ta koma da hotuna. Bayanta aka yi ta buga katunan wasiƙa masu hoton mutanenmu, musamman a shekarun da Damagaram take babban birnin mulkin mallaka na Nijar, kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Wanda ya ga irin waɗannan katuna ya san abin da akan rubuta a ƙarƙashinsu: mace Bahausa, ɗan kasuwa, masu kiɗan sarki. Mutanen nan suna da sunaye, suna da iyaye, wataƙila jikokin jikokinsu suna nan tsakanin Damagaram da Magarya suna bin hanyar da ta ratsa Dogo, amma mai hoton bai tambaya ba. Shi iri yake nema, bai damu da mutum ba. Ku kuwa kun san sunan kowa a unguwarku har da laƙabinsa, kuma wannan jari ne da babu baƙon da zai zo da shi.

Kyamarar da nake nufi iri biyu ce aka fi sani. Ta farko sunanta Diana, wadda wani kamfanin roba mai suna Great Wall ya riƙa yi a Hong Kong a shekarun 1960. Abin wasan yara ce, har kyauta akan raba ta a wuraren talla a Amurka. Ta biyu Holga, ita ma daga Hong Kong, an fara yin ta a 1982 da niyyar talakawan ƙasar Sin su sami abin ɗaukar hoton iyali mai araha. Jikinsu roba, idonsu ma roba, babu batir, babu ma'aunin haske. Dukansu suna cin fim mai faɗi da ake kira 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi tun 1901 kuma har yau ana yin sa. Holga tana ba da hoto 12 masu kusurwa huɗu daidai, santimita 6 kowane gefe, a naɗi guda; tsohuwar Diana tana ba da 16 ƙanana.

Masu hoto na gaske sun raina su da farko, daga baya wasu suka gane abin da ke cikinsu. Wata Ba'amurkiya, Nancy Rexroth, ta fitar da littafin hotuna mai suna Iowa a 1977, kuma da Diana ta ɗauke su. David Burnett, ɗan jarida mai manyan kyamarori, ya ɗauki hoton Al Gore da Holga lokacin yaƙin neman zaɓen Amurka na 2000, hoton kuma ya ci kyauta a 2001. Abin da suka gani shi ne, idon roba yana fito da tsakiyar hoto sarai, sannan ya sassauta yana dusashewa zuwa gefe, kusurwoyi huɗu su yi duhu. Ga mai ɗaukar gini ko takarda wannan aibi ne. Ga mai ɗaukar fuska kuwa alheri ne, domin yana kai idon mai kallo kai tsaye ga idon wanda aka ɗauka, ya rufe masa tarkacen da ke gefe.

Amma ni ba laushin hoton ne ya fi jan hankalina ba, adadin ne. Goma sha biyu kawai gare ka, kuma ba ka ganin ko ɗaya sai bayan wanki. Kamar iri ne a hannun manomi ranar shuka, ba a watsa shi ko'ina. Mai waya yana danna sau ashirin yana kallon gilashin wayarsa, bai kalli mutumin da ke gabansa ko sau ɗaya ba. Mai Holga dole ya kalli mutum, ya jira har fuskar ta daina shirin hoto ta koma tata ta kullum. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa suke rataye yau a manyan gidajen tarihi na duniya, da ƙaramar kyamarar akwati ta Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. Ya buɗe shagonsa a 1948, yawancin aikinsa a tsakar gida da hasken rana, kuma galibi sau ɗaya yake danna wa kowane mutum saboda tsadar kaya. Ku nemi hotunansa a intanet ku ga yadda mutanen suke zaune da nauyinsu da mutuncinsu. Ku nemi na Malick Sidibé, da na Philippe Koudjina wanda ya ɗauki rayuwar Yamai tun shekarun 1960, ya kuma rasu a 2014. Sana'ar nan tana da magabata a yankinmu, ba daga sama za ku fara ba.

Idan kyamarar ta zo hannunku, abu na farko ku sayi baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Murfin bayanta ba ya rufuwa da kyau, haske yana kutsawa ta gefe, kuma ranar ƙasarmu ba irin ta Turai ba ce; ɗan tsagin da zai yi wa hoton Bature ado, naku ƙona shi zai yi. Ku liƙe duk mahaɗar murfin bayan kun sa fim. Akwai wata 'yar jar taga a baya da ake karanta lambar hoto ta cikinta; ita ma ku rufe ta, ku ɗaga kawai lokacin juya fim, kuna tsaye a inuwa. Ku cusa ɗan guntun kwali a ƙarƙashin ƙwarƙwaron fim don ya naɗu tsam, in ba haka ba zai fito a sake, haske ya ci bakinsa. Sa fim da cire shi duka a cikin ɗaki. Ku saba da juya fim nan take bayan kowane danni, domin kyamarar ba ta hana ɗora hoto a kan hoto. Ku duba maɓallin da ke ƙasan Holga: harafin N shi ne na yau da kullum, B kuwa yana barin ido a buɗe muddin yatsa na kai, kuma idan ya zame can ba ku lura ba, naɗin duka zai fito dishi-dishi. Murfin ido kuma ku cire shi ku ajiye a gida, tun da tagar leƙe ba za ta nuna muku cewa yana rufe ba.

Maganar haske ita ce zuciyar aikin, a nan zan ɗan daɗe. Wannan kyamara saurin ƙiftawarta ɗaya ne, wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma ƙofar haskenta ƙarama ce. A tsofaffin Holga da yawa ma, maɓallin da ke da alamar rana da gajimare ba ya canja komai. Tun da ba za ku iya daidaita kyamara da haske ba, sai ku daidaita haske da kyamara, wato ku zaɓi wurin da ya dace da ita. Ku nemi fim mai lamba 400, kamar Ilford HP5 Plus ko Kodak Tri-X ko Fomapan 400. Da irin wannan fim, da rana tsaka haske ya yi yawa ninki-ba-ninki, ga inuwar hula tana rufe ido, ga mutum yana yamutsa fuska. Cikin ɗaki kuma duhu ya yi yawa, ba abin da zai fito. Wurin da lissafin ya faɗa daidai shi ne buɗaɗɗiyar inuwa: gindin bango da hantsi ko bayan la'asar, ƙarƙashin rumfa daga baki-baki, ko bakin zaure, mutum yana zaune taku ɗaya daga ciki yana fuskantar waje. Bakin zaure ya fi duka a wurina. Farin yashin ƙofar gida yana mayar da haske sama ya shiga ƙarƙashin haɓa da cikin ido, bayan mutum kuma duhun zaure ne, sai fuskar ta fito ita kaɗai.

Ku tuna fatarmu baƙa ce, tana bukatar haske isasshe kafin fim ya kama layukanta. Fim baƙi da fari yana jure yawan haske, amma ba ya jure ƙarancinsa. Abin da bai kama ba a inuwa, babu wankin da zai dawo da shi. Saboda haka in kuna shakka, ku matso da mutum kusa da haske. Ku sa ƙaninku ya riƙe farin zane ko farar takarda babba a gefen da ya fi duhu. Ku guji inuwar bishiya mai ɗigo-ɗigon rana, tana yi wa fuska dabbare-dabbare. Kwanakin hunturu da hazo ya rufe rana, gari duka ya zama rumfa guda, kuna iya ɗauka a fili.

Game da tazara, zoben idon Holga yana da zane huɗu: mutum ɗaya, mutum uku, taro, da dutse. Mutum ɗaya yana nufin wajen mita ɗaya, kuma kusa da haka ba ta gani sarai. Kada ku yi kirdado. Ku ɗaura zare mai tsawon mita ɗaya a jikin kyamarar, ku miƙa shi har kusa da kuncin mutum, ku sake shi, sannan ku danna. Ku sa idanunsa a tsakiya, ku bar sarari a saman hula ko ɗankwali, domin tagar leƙe tana sama da idon kyamara, kuma daga kusa abin da kuke gani ya ɗan saɓa da abin da fim yake gani. Ku manne gwiwar hannu a jiki, ku riƙe numfashi. Bayan mutum kuwa, bangon ƙasa ya isa, ko zana, ko tabarma, ko atamfa a rataye yadda Keïta ya yi da mayafin gadonsa.

Duk wannan bai kai muhimmancin yadda za ku shiga wurin mutum ba. Kada ku iso da kyamara a fuska. Ku yi sallama, ku durƙusa ku gaida Baba ko Inna yadda aka koya muku, ku faɗi abin da ya kawo ku da abin da za ku yi da hoton. Akwai dattawa da malaman da ba su yarda da hoto ba. Kada ku ja da su, kada kuma ku ɗauke su a ɓoye, ku yi godiya ku tashi. Wanda ya yarda, ku bar shi ya sa rigar da yake so, ya riƙe abin da yake so, ko carbi ne ko hauya ko jikansa. Ku ja shi da hira, ku tambaye shi labarin wata shekarar yunwa ko ta yalwa da ya gani, ku danna a lokacin da ya gama magana bai riga ya fara wata ba. 'Yan mata, ku wannan aiki ya fi bukata. Akwai tsakar gidajen da namiji ba zai taɓa shiga da kyamara ba, kuma a can ne rabin tarihin garin yake zaune yana sussuka da kitso da raino. Hoton matar aure ko budurwa kuma amana ne, ba a sa shi a Facebook ko a tura a WhatsApp sai da yardarta.

Ku lura da abin da yake ƙarewa a gabanmu. Tsagar gado da ke fuskokin kakanninku, yawancin yaran yau ba a yi musu ita ba, kuma nan da wasu shekaru sai dai a ba da labarinta. Haka wasu nau'o'in kitso. J. D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna wajen dubu, kuma yau su ne shaidar salon da da yawa suka ɓace. Maƙeri a bakin zuga, baduku da fatarsa, wanzami, mai rake daga lambu, ungozoma: kowannensu ya cancanci ɗaya daga cikin goma sha biyunku.

Sai wanki. Kayan ba su da yawa: gwangwanin wanki mai murfin da ba ya shigar da haske tare da ƙwarƙwaronsa, ma'aunin zafi, kofin awo, agogo, ruwan fito da hoto, da ruwan kafe shi. Duhu ana bukatarsa ne kawai lokacin naɗa fim a ƙwarƙwaro. Ku shiga ɗaki da dare, ku rufe ƙofa da taga da bargo, ku bar waya a waje, ku zauna minti biyar. In kun iya ganin tafin hannunku, duhun bai isa ba. Ku raba fim da takardar bayansa, ku naɗa, ku rufe gwangwani. Hannu ya zama busasshe, domin gumi yana sa fim ya manne ya ƙi shiga. Ku sadaukar da naɗi ɗaya ku yi ta gwaji da shi a haske, sannan da ido a rufe, kafin ku taɓa wanda yake ɗauke da fuskar kakarku.

Ruwan fito da hoto da ya fi dacewa da mu, a ganina, shi ne Rodinal, wanda aka ƙirƙiro a Jamus tun 1891. Yana zuwa a ɗure mai kauri, yana daɗewa shekaru ko da an buɗe kwalbar, kuma kaɗan ake ɗiba: mililita 10 a cikin rabin lita na ruwa ya wanke naɗi guda. Fim ɗin HP5 Plus yana ɗaukar minti 11 a wannan haɗi idan zafin ruwan digiri 20 ne. A nan matsalar ƙasarmu take, domin a watan Afrilu da Mayu zafin gari yana haura 40, ruwan jarka ma ɗumi gare shi. Ruwa mai ɗumi yana gaggauta aikin, hoto ya yi kaushi, fatar fim ta yi laushi har ta kwaile. Ku yi wanki da asuba da ruwan randa da ya kwana, ko ku sa 'yar ƙanƙara ku sauko da shi. In a digiri 24 ya tsaya, ku rage lokaci zuwa wajen minti 8. Ƙa'idar ita ce kowane digiri ɗaya da ya ƙaru a rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya fi haɗari shi ne a fito da fim daga ruwan sanyi a zuba masa mai ɗumi, sai fuskarsa ta tsattsage. Duk ruwan da za ku yi aiki da shi ya zama zafinsa ɗaya. Lokacin hunturu wannan wahala tana raguwa sosai, shi ya sa nake ba masu farawa shawara su fara tsakanin Disamba da Janairu.

Ku zuba ruwan, ku riƙa kifa gwangwani kuna mayarwa a hankali na rabin minti, sannan daƙiƙa goma a kowane minti, kuna ɗan buga gindinsa don kumfa ta tashi. Lokaci ya cika ku zubar, ku ɗauraye da ruwa zalla, ku zuba ruwan kafewa na minti biyar. Shi ne yake narkar da sauran azurfar da haske bai taɓa ba, kuma sai bayansa ake buɗe murfi. Wannan ruwa ana mayar da shi kwalba a sake amfani da shi. Idan ya gaji yana ɗauke da azurfa, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko lambu ko inda dabbobi suke sha, kuma a ɓoye shi daga yara. Ɗauraya ba ta bukatar famfo. Kamfanin Ilford ya koyar da hanya mai tsimin ruwa: a cika gwangwani a kifa sau biyar a zubar, a sake cikawa a kifa sau goma, sannan sau ashirin. Ruwan ƙarshe ku tace shi da tsumma mai tsabta. Ku yayyafa ruwa a daɓen ɗaki don ƙura ta kwanta, ku rataye fim da maƙalin shanya, wani a sama wani a ƙasa, ku ja ƙofa, kada kowa ya shiga sai ya bushe.

Abin da zai fito shi ne dodon hoto, farar riga ta zama baƙa, fuska ta yi haske. Ku koyi karanta shi. In fuskar ta fito fayau babu layi ko ɗaya alhali lambobin bakin fim sun fito baƙi sosai, haske ne bai isa ba wurin ɗauka. In lambobin ma sun kode, wankin ne bai kai ba. Daga nan waya ta shigo da amfaninta: ku ɗora dodon a kan farin haske, ku ɗauke shi da waya, ku juya launinsa, ku kai shagon buga hoto a Damagaram a fitar muku a takarda. Kwafi ɗaya na mai fuskar ne, ku kai masa har gida, kada ku sa ya tambaya.

Dodon kuwa ku yanka shi uku-uku, ku sa a ambulan na takarda, ku ajiye a akwatin ƙarfe nesa da laima da gara. Fim baƙi da fari da aka wanke da kyau yana wuce shekara ɗari. A bayan kowane ambulan ku rubuta cikakken sunan mutum, da na mahaifinsa, da unguwa, da sana'a, da kwanan wata, da boko ko da ajami. Ku rubuta naku sunan ma. A 1991 an nuna hotunan Seydou Keïta a wani baje koli a New York da rubutun cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi da ransa, da dubban dodannin hotonsa a adane. Da bai adana ba, da ba a san shi ba.

Na san fim da ruwan wanki ba kayan kantin unguwa ba ne, sai an yi saƙo ta hannun masu zuwa Yamai ko Kano ko 'yan'uwa da ke ƙasashen waje, kuma da tsada. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, kyamara ɗaya da gwangwani ɗaya sun ishe ku, kwalbar Rodinal ta rabin lita kuwa tana wanke naɗi hamsin. Fim ɗin da ba a taɓa ba ku ajiye shi wuri mai sanyi, wanda aka ɗauka kuma kada ya daɗe ba a wanke ba. Ku nemi tsofaffin masu hoto na Damagaram da suka yi zamanin ɗakin duhu, ku je ku gaishe su, ku roƙe su su nuna muku da hannu; wasunsu har yanzu suna da kayan aiki a ajiye, kuma awa ɗaya a gabansu ta fi duk abin da na rubuta nan.

Naɗinku na farko kada ku ƙarar da shi a kan abokai, su suna da lokaci. Ku zauna yau ku rubuta sunayen mutum goma sha biyu mafi tsufa a danginku da unguwarku, ku fara da wanda ya fi kowa shekaru, kuma ku je wurinsa kafin hunturun bana ya fita.